Zauren Kawu: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Mata

Tambaya: Kawu, barka da war haka. Shekarata 20, wata shida ke nan muna soyayya da wani. Ya ce in ba shi lambar sirrin wayata, in kuma tura masa hoton jikina. Da na ƙi, ya yi kwana uku bai kira ni ba, wai ban yarda da shi ba. Ni kuwa ina son sa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, kwana ukun nan sun fi duk daɗin bakin wata shida gaya miki ko wane ne shi. Ba a sanin halin saurayi sai ranar da aka ce masa a'a. Mai sonki zai iya ɓata rai, amma gobe zai gaishe ki yadda ya saba. Shi wannan horo yake miki, don nan gaba ki ji tsoron ƙin abin da ya nema.

Lambar sirrin waya ta wuce karanta hira. Wanda ya buɗe wayarki ya samu imel ɗinki, ya samu saƙonnin da banki ke turo lambobin tantancewa, da imel kuma ake canza makullin sauran shafuka. Hoto shi ma, kada a ruɗe ki da wanda WhatsApp ke barin a gani sau ɗaya. Wata wayar kawai zai ɗora a kan allon ya ɗauka.

Idan kin riga kin ba shi, fara da canza makullin imel, sannan na waya da sauran shafuka. Shiga saitin WhatsApp, wurin na'urorin da aka haɗa, ki cire duk wadda ba taki ba, domin ta nan ake karanta hirar mutum a kwamfuta bai sani ba. Ki kunna tantancewa mai mataki biyu da lamba 6 da ba ranar haihuwarki ba.

In kuwa hoto ya riga ya fita har ana miki barazana da shi, kada ki biya ko sisi, mai karɓa ba ya ƙoshi. Kada ki goge hirar don kunya. Ɗauki hoton allo da lambarsa da kwanan wata, ita ce shaidarki a wurin 'yan sanda. Ki gaya wa babba guda da kika amince da shi tun yau. Akwai kuma shafukan intanet da ke taimakawa wajen hana yaɗa irin wannan hoto: StopNCII ga masu shekara 18 zuwa sama, da Take It Down ga 'yan ƙasa da haka. Hoton ba ya barin wayarki: manhajar tana fitar da tambarinsa na lambobi ne, shafuka irin su Facebook, Instagram da TikTok su yi amfani da shi wajen gano hoton su tare shi. Ba ya aiki a rufaffiyar hira irin ta WhatsApp, shi ya sa rashin turawar ya fi.

Tambaya: Kawu, mun kusa aure. Ni AS ce. Shi ya ce jininsa O ne, ba sai ya je gwaji ba, kuma bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

Amsa: Ya haɗa abu biyu daban. O rukunin jini ne, ɗan'uwan A da B da AB, amfaninsa wajen ƙarin jini. Abin da ake nema a nan jinotayif ne, wanda ke nuna ko an gaji sikila (amosanin jini) daga iyaye: AA, AS, AC, SS ko SC. Lafiyarsa ma ba hujja ba ce, tunda mai AS yawanci garau yake.

Ga lissafin. AS da AA ba sa haifar mai amosanin jini. AS da AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Ki riƙe kalmar "kowane", don nan ake tafka kuskure: wasu na zaton ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne kawai zai samu. A'a, kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya jera uku duk sikila. AS da AC kuma kashi 25 ne na SC, wanda shi ma ciwo ne. AS da SS rabi da rabi.

Ku je tare, ku karɓi sakamako hannu da hannu, ban da na waya. Ku tambayi irin gwajin: wani na gaggawa yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C. Wanda ake so shi ne mai rarrabe nau'in himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata 3, don jinin wani na iya ɓata sakamakon. Maimaitawa a wani ɗakin gwajin daban ba ɓarnar kuɗi ba ce. Ku haɗa da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B tunda an riga an huda jijiya.

Da kin yi wannan tambayar tun watan farko, da ya fi sauƙi a zuciya. Amma yanzun ma ki ce ba a sa rana sai da takarda, ki zuba ido ki ga yadda zai ɗauka.

Tambaya: Kawu, saura shekara ɗaya in gama karatu. Ya ce in ajiye, bayan aure zai mayar da ni.

Amsa: Ko da zuciya ɗaya ya faɗa, alkawarin nan ciki da goyo ne ke cinye shi. In aure ba zai jira wata 12 ba, ku yi shi ki ci gaba da zuwa aji, a kuma yi maganar a gaban manyanku da nasa: wa zai biya kuɗin makaranta, a wane gari za ku zauna, wa zai riƙe jariri lokacin jarabawa. In ya kasa amsa ukun nan, ki koma ki sake rajistar zangonki.