Tsara manhajar tattara ra'ayoyi ga masu bincike

Malama, kin tambaya yadda za a tsara manhajar da ɗaliban bincike a Jos za su riƙa zuba ra'ayoyinsu tare a cikinta. Shawarata ita ce ki fara da matsalar da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Diehl da Stroebe, suka nuna a 1987: mutanen da ke magana ɗaya bayan ɗaya ba sa kawo ra'ayoyi da yawa kamar waɗanda kowa ya yi tunaninsa shi kaɗai, domin mai jiran a ba shi dama yakan manta abin da ke ransa. A wajenmu kuma ga kunya, ƙarami ba ya son a ga ya saɓa wa malaminsa.

Saboda haka manhajar ta bar kowa ya rubuta nasa a lokaci guda ba tare da suna ba, sannan a baje su a allo ɗaya, a haɗa masu kama da juna, a jefa ƙuri'a daga baya. Tsarin 6-3-5 da wani Bajamushe mai suna Rohrbach ya ƙirƙiro ya dace da wannan: mutum 6, ra'ayi 3 kowanne, cikin minti 5, sai a miƙa wa na gaba ya ɗora.

Kada ki kwaikwayi Miro, wato allon intanet da mutane ke rubutu tare a kansa, domin ya yi wa ƙaramar waya nauyi. Wuta takan ɗauke, data kuma da tsada, don haka rubutu ya zauna a wayar har intanet ta dawo. A ba da damar saƙon murya, kuma kowane ra'ayi ya zo da gurbin rubuta inda aka samo shi.