Amsa: ƙwan macijin kinsinek, a sa shi a inkubetar kaji?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce macijiyarka kinsinek, irin ta Amurka nan marar dafi, ta saka ƙwai kuma kana so ka zuba su a inkubetar kaji. Don Allah kar ka fara. Ta kaji tana kai digiri 37 da wani abu kuma juya ƙwai take yi, shi ko ƙwan maciji 26 zuwa 28 yake so, kuma in ka juya shi bayan ɗan ya kama jikin ƙwan daga ciki yana iya mutuwa. Sa ɗigo da fensir a saman kowanne, yadda ka same shi haka za ka ajiye shi, waɗanda suka manne da juna kar ka ɓamɓare.

Samu roba mai murfi, ka huda 'yan ramuka, ka zuba bamikulait (vermiculite, wani ma'adini ne marar nauyi mai riƙe damshi) da ruwa, nauyinsu ya zo daidai da juna, damshi kawai ake so ba caɓi ba, in ka matse a hannu kar ruwa ya ɗiga. Binne ƙwan rabi.

Mu nan Katsina ai zafi ne matsalarmu, da bazara ɗaki ma sai ya wuce 35, to ka nemi lungu mafi sanyi kusa da randa, ka sa ma'aunin zafi kana dubawa. Da hunturu kuma bushewa ce, in ƙwan ya fara lotsawa da wuri ƙara ruwa kaɗan a gefe, ban da kan ƙwan.

Wajen wata biyu suke ƙyanƙyashewa. Da sun fito raba su, kowa robarsa, don cin junansu suke yi wallahi.