Hoton kokowa ya fashe a takarda, ina matsalar take?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a unguwar Ali Dan Sofo, nan Maradi. Ƙungiyar matasanmu za ta buga kalandar shekara mai kamawa da hotunan kokowa da ƙwallo da langa. Na tara hotuna masu yawa daga WhatsApp da Facebook, amma da mai bugu ya gwada guda, sai fuskar ɗan kokowar ta fito dishi-dishi kamar an ɗauke ta cikin hazo. Yaya zan gane hoto mai kyau kafin mu zuba kuɗi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Kada ka ga laifin mai bugu, abin da ka kai masa shi ya fitar. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Fuskar salula ƙarama ce, ko hoto maras ƙarfi sai ya yi kyau a kanta, amma takarda ba ta rufa wa kowa asiri. Bugu mai tsabta yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 yana neman fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, A3 kuma 3508 da 4961. Shi kuwa WhatsApp, in an turo hoto ta hanyar da aka saba, yana matse shi zuwa wajen fiksel 1600 a gefensa mai tsawo. Wanda aka kwafo ta hanyar ɗaukar fuskar waya ya fi kowanne muni, domin girman fuskar wayar kaɗai yake da shi.

Buɗe kowane hoto, ka shiga inda aka rubuta Détails, ka karanta lambobi biyun nan. Kalanda ta bango ce, ana kallonta daga ɗan nesa, don haka ko ɗigo 200 a inci ta ɗauka. Amma hoton da bai kai fiksel 2000 a dogon gefe ba, kada ka ba shi shafi guda, sai dai ƙaramin gurbi. Wanda ka ke matuƙar so, nemi wanda ya ɗauke shi da hannunsa, ya turo maka asalinsa ta WhatsApp a matsayin Document, ko ka je da kebul ka kwafa.

Yanzu ga abin da ya fi lambobi wuya. Yawancin hotunan kokowa da na ke gani, mutum biyu ne a sunkuye sun riƙe juna, ba ka san wa ke nema wa ke karewa ba. Irin wannan ajiye shi. Nemi daidai lokacin da ƙafa ta bar ƙasa, rairayi ya tashi, jijiyar wuya ta fito. Nemi kuma abin da ke kewaye da karawar: ɗan kokowa yana kirari, layu a damtse, makaɗi ya daddage, 'yan kallo sun miƙe tsaye. Wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Kantu ya san rabin daɗin yana wajen jama'a. A hoton ƙwallo kuwa, in ba a ga ƙwallon ba, mutane ne kawai ke gudu. Bayan haka ka buɗa hoton da yatsu biyu har kan idon ɗan wasa. Idan idon ya fito tas, ka samu. Idan allon tallan da ke bayansa ne ya fi shi fitowa, kyamara ta yi saiti a inda ba a aike ta ba, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan ba tare da ta ƙirƙiro wa mutum wata fuska ba. Ka bar wuri a sama ko ƙasa don sunan wata da kwanaki. Na sha ganin kalanda an dasa Janairu a goshin ɗan wasa.

Tambaya: Yaya, ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya. Ina son hoton Abdoulrazak Issoufou Alfaga, wanda ya samo wa Nijar lambar azurfa a taekwondo a gasar Olamfik ta Rio a 2016, don allon aji. Zan iya ɗaukowa daga Google?

Amsa: Malama, Google nuni kawai yake yi, hotunan suna da masu su. Manyan hotunan gasar Olamfik galibi na kamfanonin dillancin hoto ne irin su Getty Images da AFP, shi ya sa kike ganin tambari kwance a kansu. Fara dubawa a Wikimedia Commons, wani rumbun hotuna a intanet, inda kowane hoto ke ɗauke da sharaɗinsa. In an rubuta CC BY, kina iya amfani da shi muddin kin sa sunan mai hoton a ƙasa. Ki kuma saka shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ki tabbatar Alfaga ne, don 'yan taekwondo suna sa hular kariya, ana yawan liƙa sunan wani a hoton wani.

Tambaya: Da Tecno ɗina zan ɗauka da kaina, amma duk wanda ya motsa sai ya fito a shafe.

Amsa: Shiga Pro a kyamarar, ka sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, ko 1/1000 in rana ta buɗe. Ba wa rana baya, ka yi amfani da Rafale ya zubo hotuna a jere ka zaɓi guda. Kada ka jawo da yatsu, matsa kusa da ƙafarka. Lokacin hunturu kuma goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowace karawa, ƙurar filin ba ta ɗaukar minti biyar ta rufe shi.