Tambaya da Amsa: Kafin Malami Ya Sauka Ya Bar Maka Jirgi

Tambaya daga wata uwa a Katsina: Ɗana yana koyon tuƙin jirgin sama, ya ce an kusa barinsa ya tashi shi kaɗai, alhali bai daɗe da farawa ba. Shin doka ta yarda da haka?

Amsa: Hajiya, ta yarda, amma da sharuɗɗa. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke aiki da ita, ita ce ɗalibi ba ya tashi shi kaɗai sai da izinin malami mai lasisin koyarwa, kuma sai yana riƙe da takardar shaidar lafiya ta aji na 2. Wannan ta hau kan Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964 kamar yadda ta hau kan kowace makaranta. A Amurka da Turai sai ɗalibi ya kai shekara 16. A Amurka ma sai ya rubuta jarrabawa kan dokokin sama, da filin da zai tashi, da halayen jirgin, malamin ya bi duk amsar da ya kuskure ya gyara masa, sannan ya sa hannu a littafinsa, izinin kuma kwana 90 yake yi. Ba a ɗaukar fasinja ko ɗaya. Tashin farkon kansa gajere ne: ya kewaya filin a tsayin ƙafa 1,000 ya sauka, malamin na kallo daga ƙasa. Malamin kirki ba yawan awanni yake dubawa ba, yana duba ko ɗalibin ya sauka lafiya sau da yawa a jere ba tare da an taɓa masa sitiyari ba. Ki bi shi da addu'a, Allah ya tsare.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Me ke sauyawa idan malami ya fita, kuma me ya fi kamata in haddace?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da za ka fara ji shi ne jirgin ya yi sauƙi. Kilo 70 ko 80 sun fita daga ƙaramin jirgi, don haka zai bar ƙasa da wuri, ya hau da sauri, wajen sauka kuma ya yi ta shawagi a saman titi kafin taya ta taɓa. Kada ka danna hancinsa don ka tilasta masa zama. Idan ka yi haka, tayar gaba ce za ta fara dukan ƙasa, jirgin ya yi tsalle, tsalle na biyu ya fi na farko, na uku kan karya ƙafar gaba ko farfela ta daki kwalta. Maganin shi ne fasa sauka: totur gaba ɗaya, ka riƙe hancin kada ya ɗaga da yawa, ka janye filaf, wato faifan nan na bayan fiffike, mataki-mataki ba gaba ɗaya ba, ka sake kewayowa. Ɗalibin da yake jin kunyar fasa sauka bai isa a bar masa jirgi ba, ko da saukarsa ta fi ta kowa kyau.

Abin haddacewa na gaba shi ne mutuwar inji jim kaɗan bayan tashi, domin a nan babu lokacin buɗe littafi. Hancin jirgi yana sama, gudu kuma yana zubewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Nan take ka sauke hanci zuwa gudun lulawa mafi kyau, wato gudun da jirgi ya fi yin nisa da shi ba inji, wanda a ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 yake tsakanin not (ma'aunin gudun jirgi) 65 da 68 gwargwadon samfuri. Ka zaɓi wuri a gabanka, bai wuce digiri 30 hagu ko dama ba. Zuciya za ta ce ka juya ka koma titin da ka baro, kada ka bi ta. Juyawar tana cin tsayin da ba ka da shi, kuma karkata jirgi yana ɗaga gudun da fiffike ke daina ɗaukarsa: a karkatar digiri 45 yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin 100, a digiri 60 da kashi 41. Shi ya sa wannan juyin ya hallaka har ƙwararru. Gonar da ke gabanka ta fi. Ka san gonakin da ke ƙarshen kowane titi tun kana ƙasa, ka kuma faɗi shirinka da baki kafin ka tura totur.

Mafi yawan irin wannan matsala a ƙasa ake tare ta. Ka leƙa tanki da idonka, kada ka dogara da allurar ma'aunin mai. Ka tatso mai daga ƙasan kowane tanki a kofin gwaji: man jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwa kuma ya fi shi nauyi, zai kwanta a ƙasan kofin. Da damina wannan ba abin wasa ba ne. A gwajin maganeto na Cessna 172, wato na'urori biyu da ke ba filogin inji wuta, faɗuwar juyin inji a minti kada ta wuce 125 ko 150 gwargwadon samfuri, bambancin ɓangarorin biyu kuma kada ya wuce 50. Idan bai faɗi ko kaɗan ba, wannan ma laifi ne, mai yiwuwa wayar kashe maganeto ta tsinke. Ka koma ka kira injiniya.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Hazo da zafin bazara suna hana ɗalibi tashi?

Amsa: Malam, hazo yana hanawa sosai. Ƙa'idar tashi da gani da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 ita ce a iya hangen kilomita 5, makarantu kuma kan sa wa ɗalibi iyaka mafi tsanani. Haɗarin hazon hunturu shi ne kana ganin ƙasan da ke ƙarƙashinka, amma layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace, kuma da shi ɗalibi yake daidaita jirgi. Idan ka fuskanci rana abin ya ƙara muni.

Zafi kuwa rage wa jirgi ƙarfi yake yi. Ɗauki fili mai tsayin ƙafa 2,200, kusan irin na Zariya. Ma'aunin da aka gina lissafin jirgi a kai yana sa ran zafin digiri 11 a wurin. Ranar da ya kai 38, rarar digiri 27 ce, kowanne kuma yana ƙara kimanin ƙafa 120. Ke nan inji da fiffike suna aiki tamkar suna ƙafa 5,400: gudu a titi ya fi tsawo, hawa ya yi nauyi. Shi ya sa ake son tashin ɗalibi da sassafe, kafin iska ta fara tashi.

Tambaya daga wata ɗaliba a Ilorin: Idan rediyo ta mutu ina sama ni kaɗai fa?

Amsa: 'Yar'uwa, ci gaba da tuƙi tukuna, jirgi ba da rediyo yake tashi ba. Duba ƙarar sauti, da zangon da kika saita, da jonin abin kunne, domin sau da yawa laifin a nan yake. Idan bai gyaru ba, sa 7600, lambar mutuwar rediyo, a taransifonda, wato na'urar da ke aika lambar jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama, ki shiga kewayen fili yadda aka saba, ki dubi hasumiya, da fitila za a yi miki magana. Koriyar fitila a tsaye, wato ba ta ƙyaftawa, an ba ki izinin sauka. Ja a tsaye, ki ba wani hanya ki ci gaba da kewayawa. Ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ki sauka. Da rana, kaɗa fikafikai shi ne amsar cewa kin gani. Lambar 7700 ta gaggawa ce, 7500 kuma ta fashin jirgi ce, don haka ki duba da kyau kafin ki danna.