Fatawa: Sunan Julaibib, Asalinsa, Ma'anarsa da Hukuncin Sa wa Yaro

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Ƙaura Namoda nake rubutowa. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Talata da hantsi, an sami ɗa namiji. Tun ina Islamiyya na ji labarin sahabi Julaibib, na ƙudura a raina cewa in Allah ya ba ni ɗa sunan da zan sa masa ke nan. Amma Inna ta ƙi. Ta ce: "Wanga suna ban taɓa jin shi ba, kuma kai da bakinka ka ce kashe mai shi anka yi. A wanga zamani da muke kwana da ido guda, shi za ka jawo ma jikana?" Ita sunan marigayi mahaifina take so. Wani abokina kuma ya ce ma'anar sunan hijabin mata, bai dace da namiji ba. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya, ya albarkace shi, ya ba mai jego lafiya.

Sa wa yaro suna Julaibib halal ne, kuma suna ne mai daraja. Sai dai tambayarka ta haɗa abubuwa da dama, kuma wanda ya fi damuna a cikinsu shi ne maganar Inna, don haka zan daɗe a kanta idan mun zo wurin.

Mu fara da kalmar. Julaibib Larabci ne, ƙaramtawar kalmar jilbab, kamar yadda Ibnu Hajar ya faɗa a cikin Al-Isaba. Larabawa suna da wani gini da ake kira tasgiri, suna juya kalma ta nuna ƙanƙanta ko ƙauna: miftah, mabuɗi, ya koma mufaitih. Mu ma sunayen da muka saba da su da yawa haka suke, ba mu lura ba ne. Husaini ƙaramin Hasan ne, Umairu ƙaramin Amru ko Umaru, Junaidu daga jundu ne, wato runduna, kuma duk ƙasar nan an san Wazirin Sakkwato Junaidu. To Julaibib "ɗan ƙaramin mayafi" ne. Abokinka ya ji jilbab a aya ta 59 ta Suratul Ahzab inda aka umurci mata su lulluɓa, ya ɗauka kalmar ta tsaya nan. A lugga jilbab tufa ce yalwatacciya mai rufe jiki, ana faɗinta ga riga ma. Ko da ma an sallama masa, ai ga hujjar da ta yanke magana: Manzon Allah (SAW) ba ya ƙyale suna mara kyau. Ya mayar da Asiyah, mai ma'anar "mai saɓo" (ba Asiya sunan matar Fir'auna ba), zuwa Jamila. Ya mayar da Barra zuwa Zainab, wata Barra kuma zuwa Juwairiyya. Ya so ya mayar da Haznu, kakan Sa'idu bn Musayyib, zuwa Sahlu. Amma Julaibib ya rayu a gabansa da wannan suna, ya kira shi da shi a raye, ya kira shi da shi bayan ya rasu, bai taɓa canza shi ba. Abin da ya gani ya bari, ba mai ikon hana shi.

Shi mai sunan kuwa, marubuta tarihin sahabbai ba su ambaci sunan mahaifinsa ba, a cikin al'ummar da mutum ke tafiya da nasabarsa kamar rigarsa. An ruwaito cewa ba shi da kyan fuska. Imamu Ahmad ya kawo daga Abu Barza al-Aslami cewa Annabi (SAW) ya ce wa wani mutumin Ansaru ya ba shi auren 'yarsa. Mutumin ya yi murna, sai aka ce masa Julaibib ake nema wa. Ya ce bari ya shawarci uwarta. Uwar ta yi tsalle ta dire, ta rantse ba za a yi ba. Yarinyar tana daga ciki tana ji, ta ce: "Umurnin Manzon Allah za ku mayar? Ku miƙa ni gare shi, ba zai tozarta ni ba." Aka ɗaura. Annabi (SAW) ya yi mata addu'a Allah ya kwararo mata alheri, kada ya sa rayuwarta ta zama wahala. Sabit, ɗaya daga masu ruwayar, ya ce ba a sami bazawara a cikin Ansaru da ta kai ta farin jini ba.

Ƙarshensa yana cikin Sahihu Muslim. Bayan wani yaƙi Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko akwai wanda suka rasa. Suka lissafa wane da wane. Ya sake tambaya, suka sake lissafawa. Daga ƙarshe suka ce babu saura. Ya ce: "Ni kuwa na rasa Julaibib, ku nemo shi." Aka same shi kwance kusa da mutum bakwai da ya kashe kafin a kashe shi. Annabi (SAW) ya tsaya a kansa ya ce: "Wannan daga gare ni yake, ni ma daga gare shi nake," har sau biyu. Ya ɗora shi a kan damatsansa, ba shi da makara sai hannayen Annabi, har aka gama haƙa kabari aka sa shi. Duk lokacin da na karantar da wannan hadisi a zaure sai na ɗan dakata a nan, domin mutumin da kowa ya manta da shi a lissafi, shi ne wanda shugaban halitta ya tuna.

Me ya sa sunan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba? Mu sunayenmu gado muke yi. Ana sa sunan kaka, ko na malamin gida, ko na annabawa da halifofi huɗu da iyalan gidan Annabi, har bakinmu ya sarrafa su suka zama namu: Abubakar ya zama Garba, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Hadiza ta zama Dije. Julaibib ya rasu da wuri, sunansa ba ya yawo a cikin isnadin hadisai, wato jerin masu ruwaya, kamar na Anas ko Jabir, don haka sai wanda ya zauna gaban littafi ke cin karo da shi. Da makarantun Islamiyya suka yawaita ne aka fara jin su Mus'ab, Huzaifa, Ukasha da Rumaisa'u a gidajenmu. Ni dai a shekarun da na yi ina zuwa raɗin suna, ban ji Julaibib ya wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ƙarancin suna ba aibi ba ne a shari'a. Muslim ya ruwaito daga Mugira bn Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa mutanen zamanin da suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su.

Yanzu sai maganar Inna. Ka fara da yi mata uzuri. Tsohuwar da ke zaune a Zamfara a wannan lokaci, wadda ta ga ana zuwa ta'aziyyar waɗanda aka tare a hanya ko a gona, ba za a ce tsoronta ba shi da tushe ba. Ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma ɗaura ajali a kan suna camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya ce babu camfi, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ka zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru, ka tambaye ta cikin ladabi: Inna, Umaru nawa ne a danginmu? Usmanu nawa, Aliyu nawa, Hamza da Husaini nawa? Sahabban da suka ci waɗannan sunaye dukansu kashe su aka yi. Sayyidina Umar an soke shi yana limancin asuba, Sayyidina Usman an kashe shi a gidansa Alƙur'ani na gabansa, amma ga Umaru da Shehu nan cikinmu sun tsufa har sun ga tattaɓa kunne. Zubairu bn Awwam ma da gangan ya riƙa sa wa 'ya'yansa sunayen shahidai, Mus'ab saboda Mus'ab bn Umair, Hamza saboda Hamza, Ja'afar saboda Ja'afar. Kwanan jikanta an riga an rubuta shi tun yana ciki, suna ba ya ƙara masa ba ya rage masa. Wannan gyaran wajibi ne ka yi shi ko da a ƙarshe wani suna aka sa, don kada ta zauna da wannan zato a zuciyarta.

Amma akwai ɗaya rabin maganarta, wanda ba camfi a ciki: tana son sunan mijinta ya dawo gidan. Malamai sun ce zaɓen suna haƙƙin uba ne idan aka yi saɓani, Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin haka a Tuhfatul Maudud. Haƙƙin naka ne. Sai dai sa wannan suna abin so ne kawai, kyautata wa uwa kuwa farilla ce. Abin da nake ba ka shawara, kuma shi zan yi da ni ne, ka haɗa biyun. Shari'a ba ta hana mutum suna fiye da ɗaya ba. A raɗa masa sunan mahaifinka a haɗa da Julaibib. Mun ma saba: yaron da ya ci sunan kaka ba a cika kiransa da shi a gida ba saboda alkunya, sai a nemo masa Abba ko Baba ko wani laƙabi. To ga suna na biyu a shirye, wanda ya fi kowane laƙabi. Idan kuwa ka yi bayani ta gamsu cewa suna ba ya kisa, amma har yanzu ranta bai kwanta da haɗin ba, ka bar mata, da niyyar biyayya ga uwa ba da niyyar gudun mugun abu ba. In Allah ya ƙaro wani ɗan sai ka cika burinka.

Abu guda kuma na gani da idona. A wani suna da na halarta, an shimfiɗa tabarmi tun da asuba, an raba goro da dabino, rago na ɗaure a ƙofar gida, wanzami ya buɗe zabirarsa. Liman ya raɗa wani sunan sahabi da ba a saba ji ba, sanƙira ya ɗauka ya kwarara shi a karkace, mata a cikin gida suka karɓa da guɗa a yadda suka ji. Har yau da wannan karkataccen ake kiran yaron. Don haka tun daren suna ka faɗa wa liman da sanƙira da gwaggonni yadda ake furta shi, ka sa su maimaita. Idan bakinsu ya fi sakewa da Julaibibu, babu laifi, haka muka yi wa Zubairu da Junaidu. Abin da za ka tsare shi ne a gutsure shi ya zama abin tsokana a wurin yara. Ka kuma tsayar da rubutu guda, wanda za a sa a takardar haihuwa da ta makaranta.

Tun da an haihu ranar Talata bayan fitowar alfijir, a mazhabar Malik ba a ƙirga wannan yini, kamar yadda yake a Risala, don haka ranar bakwai ita ce Talata mai zuwa. A yanka rago ɗaya da hantsi, a yi aski, a raɗa suna. Kana da sauran kwanaki da za ka zauna da Inna.

Allah ne mafi sani.