Filin Lambu: Bokswud ɗina ta fara bushewa

TAMBAYA: Salam Malam. Ina zaune a Birmingham, gidan da muka kama haya akwai 'yar shukar nan mai ƙananan ganye da ake askewa ta zama kamar ƙwallo, bokswud, guda biyu a bakin ƙofa. Tun watan Mayu ɗaya ta fara zama ruwan ƙasa, ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, kullum sai na ba ta ruwa amma abin sai gaba yake. Mai gidan zai zo duba gida wata mai zuwa, don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai ki ajiye butar nan tukuna, ba ƙishi ke damunta ba. Ki tsuguna ki buɗa rassan da hannu ki leƙa can ciki, na kusa rantsewa za ki ga tsutsa koriya mai baƙin kai da ratsin baƙi da fari a jiki, babbar ta kai santimita 4, ga kashinta ƙanana ƙanana maƙale a saƙar. 'Ya'yan wani malam-buɗe-littafin dare ne fari mai bakin fuffuke ruwan ƙasa, asalinsa gabashin Asiya, wajen 2007 aka fara ganinsa a Jamus, zuwa 2011 tsutsar ta shiga lambunan Ingila, yanzu kuwa ta zama ruwan dare.

Tunda guda biyu ne kacal, hannu ya fi komai. Ki sa safar hannu ki tsince su ki zuba a ruwan sabulu, duk bayan kwana biyu uku ki koma, don wallahi sun iya ɓuya. In sun fi ƙarfinki ki je shagon kayan lambu ki nemi maganin feshi na tsutsar bokswud, ki fesa har cikin rassan ba sama sama ba. Tarkon ƙamshi da za su so su haɗa miki da shi mazan malam-buɗe-littafin kawai yake kamawa, amfaninsa ki san sun iso, shi kenan. Kuma kar ki saki jiki, daga bazarar Ingila har wajen Oktoba suna iya sake ƙyanƙyashewa.

To in kin leƙa ba tsutsa, sai ɗigo ɗigo a ganye da baƙin layi a jikin kara kuma ganyen na zuba, wannan wata matsalar ce daban, cutar funfuna ce da ta ɓulla a Ingila tsakiyar shekarun 1990, ta isa Amurka a 2011, ita kuwa laima take so, kin ga ke nan ruwan da kike kwara mata ta ka abinci kike ba cutar. Sai ki yanke inda ya kamu, ki share duk ganyen da ya zuba ki ɗaure a leda ki jefa a bola, kar ki sa a taki, almakashin ma ki wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ki taɓa ɗayar.

Ko ta mutu? Ki ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in kin ga kore a ƙasa da ranta, za ta sake toho, sai dai haƙuri don shuka ce mai nawar girma, ba za ta murmure kafin mai gida ya zo ba, gara ki ɗauki hoton tsutsar ki tura masa tun yanzu. Nan gaba ruwa a gindi kawai, shi ma sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe. Saiwarta a sama sama take, don haka ban da sassabe da fartanya a gindin, ki dai baza ruɓaɓɓen taki ya riƙe danshi. Aski sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, farkon Yuni da ƙarshen Agusta, ranar da ba ruwa kuma ba rana mai ƙuna.

TAMBAYA: Malam na ga hoton lambun fadar Versailles ta Faransa, shingen nan ya burge ni, ina so in yi irinsa a gidana a Kano. Zai yiwu?

AMSA: Alhaji ni dai ba zan ba ka shawarar kashe kuɗinka ba. Bokswud 'yar ƙasar sanyi ce, zafin Afrilun Kano da ke haura digiri 40 ƙona ta zai yi, ko a Jos ne ma sai an nema mata inuwa. Sannan ganyenta guba ne ga dabbobi, in kana da awaki a tsakar gida kar ma ka soma. Ka je wajen masu sayar da fulawa na bakin titi ka ce su ba ka duranta, mai ganyen nan ruwan ɗorawa da ake shinge da ita a ofisoshi da otal otal, tana ɗaukar aski sosai, illarta dai saurin tofo, da damina kusan duk sati biyu sai ka ɗauko almakashi, kuma 'ya'yanta ma ba na ci ba ne, a kula da yara. In kuma ruwa na maka wahala ka dasa lalle kusa da kusa ka riƙa rage masa kai, uwargida ma ta huta da saye.