Abin da Ke Cin Dawarmu daga Ƙarƙashin Ƙasa

Ɗana, jiya da yamma, muna dawowa daga gonarmu ta wajen Kumbotso, ka tambaye ni dalilin da ya sa dawar gefen gabas ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya yana naɗewa kamar an yi mata fari, alhali ruwa bai yanke ba, kuma kai da hannunka ka zuba mata taki daidai da sauran. Ban amsa maka a hanya ba saboda magariba ta kawo jiki, tambayar kuma ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Abin da ke cin dawar nan wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ka tuna siririyar ciyawar nan mai kyakkyawan fure ja-ja da ka gani a gindin kara? Idan ka sa fartanya ka tona a hankali, ka kakkaɓe ƙasar, za ka tarar saiwarta ta manne da saiwar dawa kamar kaska a kunnen saniya, kuma ta nan take zuƙe ruwa da abincin da dawar ta tara. Takin da ka zuba bai ɓata ba, ita ce ta riga dawar sha.

Wurin da manoma da yawa suke yin kuskure shi ne zaton cewa ɓarnar tana farawa ranar da ciyawar ta fito. A gaskiya irinta, wanda ya yi kama da ƙura don ƙanƙanta, yana kwance a ƙasa ba ya tsira sai ya ji wani ruwa da saiwar dawa, ko gero, ko masara take fitarwa. Da zarar ya ji shi sai ya tsira ya kama saiwar, ya yi makonni yana tsotso a ɓoye, ta yadda kafin ka ga kanta a sarari, wajen mako 6 bayan shuka, ta riga ta ci rabonta. Tushe guda yana zubar da iri dubbai masu yawa, kuma irin yana iya yin fiye da shekara 10 a ƙasa da ransa. Saboda haka duk furen da ka bari ya bushe a gona, bashi ne ka ɗaukar wa damunar da ba ta zo ba.

Aikin farko shi ne tugewa da hannu kafin ta yi iri, ba sau ɗaya ba, domin bayan noman firi da maimai tana sake fitowa. Abin da ka tuge kada ka yar a kwarin kunya, kada kuma ka ba dabbobi, domin irin yakan bi kashinsu ya koma gona. Ka tara shi a buhu, ka fitar, ka ƙone. Tugewar ba za ta dawo da abin da bana ta rasa ba, gonar baɗi kake ceto.

Sai maganar ƙasa, wadda a wurina ta fi komai. Wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Iyayenmu na kewayen birnin Kano sun san haka, shi ya sa tun da rani suke ɗora mangala a kan jakuna, suna kwasar takin gida da toka daga cikin gari zuwa gonaki, har gona ɗaya ta yi ta ba da hatsi shekara da shekaru ba tare da an bar ta saura ba. Mu ma haka za mu yi, da takin da ya ruɓe sosai, sannan mu bi da takin zamani na NPK wajen mako 2 bayan tsiro, na yuriya kuma idan dawa ta kai gwiwa.

Gefen gabas kuwa, baɗi ba zai ga dawa ba. Waken suya ko gyaɗa za mu sa, domin saiwarsu tana yaudarar irin wuta-wuta ya tsira, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu, ga shi kuma suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Idan lokacin komawa ga dawa ya yi, ba zan yarda mu auno iri a kasuwar hatsi ta Dawanau daga buhun da ba mu san gonarsa ba. Za mu nemi malaman gona na hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, su nuna mana irin da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar mai jure wannan ciyawa.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu, ka iso bayan sallar asuba da buhu biyu da ƙaramar fartanya. Daga kunyar da ke kusa da bishiyar ɗorawa za mu fara, domin can na ga furen ya fi buɗewa.